Buhu Tamanin da Huɗu

Buhu tamanin da huɗu na ɗora masa,
albasar Fitowa, ja, busasshiyar wuya,
ran Lahadi, kasuwa na shirin watsewa.
Ban ce ya sa hannu ba.
Wa ke neman sa hannu wurin mutumin
da ya riƙe maka ragon suna?
Na dai rubuta a bayan kwalin sukari:
Hayatu, sai ya dawo daga Duwala.

Ya dawo.
Ya dawo da sabon babur da tsohon labari,
wai mota ta kwana uku a hanya,
wai albasa ta tsiro, ta yi ruwa.
Na ce Allah ya mayar da alheri.
Wakili direba kuwa, a gindin darbejiya,
ya rantse mini ko ɗaya ba ta ruɓe ba,
tun tana kan mota aka saye ta.

Damina biyu ina sintiri Rumde Ajiya.
Yau ya fita, gobe yana barci,
jibi ƙaramar 'yarsa ta leƙo zaure:
"Baba ya ce in ce ba ya nan."
Na kai wa liman, na kai wa sarkin kasuwa,
kowa ya ce haƙuri,
sai ka ce haƙuri manoma suka auna mini.
Su ma fa suna ƙofata.
Na sayar da rumfata don in iya haɗa ido da su,
sannan na hau matakalar kotun Garwa.

Can gaskiya ba ta shiga tsirara,
sai an ɗinka mata riga da takarda mai kan sarki.
Sammaci da kuɗinsa, hatimi da nasa,
lauya ya ce a jiƙa masa alƙalami.
Na yi bayani da Hausa,
tafinta ya juye shi cikin Faransanci,
na ji ciwon shekara biyu
ya koma jimla uku a bakinsa.
An ɗaga.
An sake ɗagawa.
Binuwai ta cika, ta janye, aka shuka bakinta,
ana ɗagawa.

Kwalin sukari ya ba magatakarda dariya.
Alƙaliya ba ta yi ba.
Ta juya shi gaba da baya,
ta sa aka kira Wakili,
ta sa aka karanto saƙon waya
inda Hayatu ya ce, "Ƙara mini wata guda."
Wanda ba a bin sa, me zai yi da wata guda?

Lauya ya raɗa mini: nemi kuɗin ruwa.
Na ce a'a, ban zo ɗiban wuta ba,
uwar kuɗina nake so da diyyar rumfa.
Ta ce in ƙirga asarata.
Na ƙirga abin da ke ƙirguwa;
barcin da ban yi ba, ban san farashinsa ba.
Miliyan biyu da rabi ta yanke, na sefa,
diyya jaka ɗari huɗu.

Amma hukunci takarda ne, ba ya shiga tukunya.
Sai da ma'aikacin kotu ya je da jandarma biyu,
ya rubuta babur, ya rubuta firji da injin markaɗe,
aka jera su a rana, ana "wa zai ƙara?"
Cikin kayan na hango sikeli,
wanda na miƙa masa da hannuna
ranar da ya fara ciniki.
Na ɗaga yatsa.
Na sayi abina cikin gwanjon da ake yi domina.

Kashi biyu cikin uku ya shigo aljihu,
saura an ce wata-wata.

Jiya muka haɗu a kan gada,
shi a ƙasa, ni a ƙasa.
Na buɗe baki zan yi sallama
tirelar auduga ta ratsa tsakaninmu;
kafin hayaƙinta ya washe ya yi nisa.

Sikelin yana zaure.
Har yau harshensa na ɗan karkata hagu,
kamar yadda na ba shi.